Kalmomin harshen Tuvalu da zan gaishe da baƙo a Apapa

Ɗan Apapa:
Assalamu alaikum. Ina aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma a makon jiya na haɗu da wani ma'aikacin jirgi da ya ce shi mutumin Tuvalu ne, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik. Da na miƙa masa ruwan leda sai ya ce "fakafetai", da za mu rabu kuma ya ɗaga hannu ya ce "tofa", har na yi zaton "to fa" irin tamu yake nufi. Jirginsu zai sake dawowa Legas, ina son a taimaka mini da 'yan kalmomin da zan tarbe shi da su.

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. "Fakafetai" godiya ce, idan ka ƙara "lasi" ta zama godiya mai yawa, "tofa" kuwa sallama ce ta rabuwa. Ka fara tarbarsa da "talofa", wadda ita ce gaisuwarsu, ko da yake aro ce daga harshen Samowa, domin masu wa'azin Kirista 'yan Samowa da suka shiga tsibiran tun wajen shekarun 1860 sun daɗe suna koyarwa da harshensu, kamar yadda Larabci ya bar mana kalmomi a gaisuwa da ibada. Idan za ka roƙi wani abu ka ce "fakamolemole", a'a kuma "ikai". Sai ka kula da harafin g, domin ba a furta shi kamar namu. Sautinsa irin na n ɗin da ke ƙarshen "can" ne, saboda haka "igoa", wato suna, ta hanci ake fitar da ita.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam ya gama magana, ni ƙidaya daga ɗaya zuwa goma kawai zan ƙara: tasi, lua, tolu, fa, lima, ono, fitu, valu, iva, sefulu. Sunan ƙasar ma daga "valu" ya fito, wato tsibirai takwas da suka tsaya tare, duk da cewa tsibiran tara ne. A 1978 ta sami 'yanci daga Birtaniya.

Baban Mile 12:
Ƙanena, tunda ruwa ne ya haɗa ku, ka riƙe "vai", ruwan sha, da "tai", ruwan teku, bambancin da mutanen da ba su da kogi kuma suke tarar ruwan sama a tankuna ba sa wasa da shi. Kifi "ika" ne, gida "fale", kwalekwale "vaka". Akwai kuma "pulaka", wani dangin gwaza da ake shukawa a ramuka masu zurfi don saiwarsa ta kai ga ruwan daɗi, wanda ruwan gishiri ke lalatawa idan ya kutsa cikin ramin. Amma ka fara tambayarsa tsibirinsu, domin mutanen Nui, ɗaya daga cikin tsibiran Tuvalu, harshen maƙwabciyar ƙasa Kiribati suke yi a gida.