Man nan mai ruwan bula na tabo, in shafa ko in dakata?

Salamu alaikum ƴan uwa, daga Tawa nike, don Allah ku ban shawara. Mai ne ya zubo min a hannu wajen tuyar fanke, ƙunar ta kusa warkewa amma gefe guda bai rufe ba har yanzu yana ɗan ruwa, sauran wurin kuma ya yi baƙi ƙirin. Ƙanwar maigida ta aiko min wata ƴar kwalba daga Faransa an rubuta GHK-Cu, wai yana gyaran fata da tabo, ni dai launin ne ya ban tsoro wallahi. In fara sawa?

Anti mai farmasi: Wa alaikumus salam, sannu da jiki ƙanwata. Kar ki sa shi inda bai rufe ba, man kwalliya ne ba maganin gyambo ba, ki kai hannun a duba a yi miki pansaman har ya rufe tukuna. Launin kuwa kar ya dame ki, jan ƙarfen da ke ciki ne ya kawo shi. GHK-Cu ɗin ma jikinmu na da shi, wani masani ɗan Amurka Loren Pickart ya gano shi cikin jinin mutum a 1973, amino asid ne guda 3 (ƙananan sinadaran da ke gina furotin) da suka riƙe jan ƙarfe, kuma yana raguwa in mutum na tsufa. Aikinsa zuga fata ta ƙara yin kolajen, shi ne abin da ke ɗinke nama in an ji rauni. Amma gaskiya mafi yawan gwajin warkar da rauni a kan dabbobi aka yi shi da ɗakin bincike, na mutane kaɗan ne, don haka kar ki sa rai tabo zai ɓace bat.

Hajiya: Ɗiyata ni dai man kaɗanya na sani, in ya rufe ki riƙa murza shi safe da dare, kuma ki rufe hannun daga rana, ranar Tawa ai ita ke ƙara ma tabo baƙi.

Anti mai farmasi: Maganar Hajiya ta rana gaskiya ce sosai, ta ma fi man kwalbar muhimmanci. Ga kuma zafinmu, wata na 4 da na 5 ya kan wuce digiri 40, ki aje kwalbar a firigo. Kar ki haɗa shi lokaci guda da bitamin C mai ƙarfi ko mayukan asid, in dole ne ɗaya da safe ɗaya da dare.

Wata ƴar uwa daga Yamai: Ni abin da zan ƙara, kar wata ta ce ki gauraya shi da man bilicin don baƙin ya fita da wuri, waɗannan masu idrokinon da kortikoyid ɗin sirantar da fata suke, rauni ma sai ya ƙi warkewa. Sannan ki sa ido, in tabon ya fara tasowa yana ƙaiƙayi yana wuce iyakar ƙunar to keloyid ne, mu baƙar fata ya fi kamawa, wannan sai likitan fata, silikon suke bayarwa ko allura.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Anti in ya rufe kullum zan sa man kwalbar?

Anti mai farmasi: Ki fara gwada ɗigo guda a bayan kunne ki bar shi ya kwana, in bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sai ki riƙa sawa sau ɗaya da dare.