Ladubban taro a zauren WhatsApp

Ga abin da 'yan ƙungiyarmu suka tsayar kan yin taro ta rubutu. A sa lokaci, misali ƙarfe 8:30 bayan isha'i, a kuma tura ajanda tun da rana. In shugaba ya yi sallama, mutum ɗaya ya amsa a madadin kowa, don mun sha ganin gaisuwa kaɗai ta cinye rabin sa'a. Mai magana ya dunƙule bayaninsa a saƙo guda, ya rufe da "na gama". Saƙon murya ne ya fi jawo gardama, amma dai aka hana shi: yana wahalar da sakatare, ga cin data. Wanda ya makara kuwa ya karanta na sama tukuna.