An ce gwajin jinin Baba lafiya lau, amma ƙirjin bai daina ba

Ƴar Anguwan Rogo: Assalamu alaikum, don Allah a ba ni shawara. Babanmu shekararsa 61, yana da suga da hawan jini. Tun rasuwar ƙaninsa ya yi watsi da magani, wai tafarnuwa ta ishe shi, mun yi magana har mun gaji, yayanmu da ke Kaduna kuwa sai ba da umarni ta waya. Yau bayan Asuba ƙirji ya danne shi, ga gumi duk da sanyin garin nan. Muka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce gwajin tiroponin, na zuciya, bai nuna komai ba, olsa ce. Yanzu bayan Magariba abin ya dawo. In ƙara masa maganin olsar?

Dakta: Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa, emajensi za ki kai shi yanzu, inda ake ECG, wato gwajin aikin zuciya da na'ura. Da ƙarfe nawa aka ɗebi jinin? Tiroponin daga tsokar zuciya yake fitowa idan ta lalace, kuma yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya taru a jini, ya kai ƙololuwa wajen awa 12 zuwa 24. Idan da wuri aka ɗiba, ba zai nuna ba ko da jijiyar zuciya ta toshe. Shi ya sa ake maimaitawa bayan awa 3 zuwa 6, a ga ko ya hau. An yi masa ECG ma kuwa?

Ƴar Anguwan Rogo: Cikin awa ɗaya muka isa, ba mu yi sakaci ba. Kuma likitan ya daɗe yana duba Baba, ya san olsarsa.

Malamin Lab: Ku tambaya da me aka gwada. Wannan ƴar tsinken mai nuna layi ba ta kama tiroponin idan ɗan kaɗan ne. Kuma abin takaici, wasu wuraren kayan gwajin na kwana a firij babu wuta, jinin ya fashe a kwalba, a rubuta sakamako a karɓi kuɗi. Ku ce a haɗa da CK-MB, wani gwajin jinin na zuciya.

Dakta: Malam, CK-MB ba zai ƙara komai a nan ba. Amfaninsa sai ana zargin bugun zuciya karo na biyu, don shi yana sauka cikin kwana 2 zuwa 3, tiroponin kuwa yana iya kai kwana 10 zuwa 14. ECG ne kan gaba, cikin minti 10 da isowa. Idan ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, ba a jiran jini, kuma allurar narkar da gudan jini cikin awa 12 na farko take da amfani.

Sista Bukuru: Ki ba shi asfirin 300mg ya tauna kafin ku fita. Banda maganin ciwon jiki diclofenac.

Mai Kemis: Sista, mai olsa fa? Idan bayan gidansa baƙi ne, jini na zuba a ciki, asfirin sai ya ƙara.

Dakta: In babu baƙin bayan gida ko aman jini, kuma asfirin bai taɓa tayar masa da borin jini ba, a ba shi. A duba ƙodarsa ma, ciwon ƙoda na ɗaga tiroponin.

Ƴar Anguwan Rogo: Bayan gidan ban sani ba, kunyarsa nake ji. Yanzu ya ce ya ɗan lafa, Yaya kuma ya ce mu bari sai da safe. Nawa ake gwajin ne?