Musayar Waƙa: John Coleman da Accrington Stanley

Mai Tsaron Raga:
Jama'a, ga baitoci kan John Coleman, kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Accrington Stanley a Ingila, daga 1999 zuwa 2012, sannan 2014 zuwa 2024. Mai ƙari ya ƙara, mai gyara ya gyara.

Ƙaramin garin Accrington ga shi can a Lancashire,
Tsakanin Blackburn da Burnley yake rayuwa.

'Yan kallo, manyan kulob na garuruwan biyu sun kwashe,
Filin Stanley dubu biyar da ɗoriya yake ɗaukewa.

1962 bashi ya fid da Stanley daga League, gasar ƙwararru,
1968 aka tashe ta, sabuwar kafuwa.

1999 Coleman ya iso daga Ashton United,
Mataimakinsa Jimmy Bell na gefensa, ba sa rabuwa.

Coleman tsohon lamba tara ne, kuma malamin firamare,
Ya iya zura ƙwallo, ya iya koyarwa.

2000 an hau, 2003 an ƙara hawa,
2006 kofin Conference, rukunin ƙasan League, ya sha ɗagawa.

Shekara 44 ƙofar League na garƙame,
A hannunsa aka ga ranar buɗewa.

Lamba Tara:
Yaya, ka kawo tarihi, madalla,
Ni kuwa zan faɗi abin da ke ciki.

Mayu in ta kama, manya sun saki yara,
Masu ƙarewar kwantiragi ake bi daki-daki.

Sannan a gangara rukunan 'yan dagaji,
Inda yaro ke atisaye in ya taso aiki.

Colby Bishop daga Leamington aka ɗauko, 2019,
Dion Charles daga Southport, duk arha, ba mamaki.

A ba yaro shekara biyu, kulob ya riƙe zaɓin ta uku,
Kada ya yi suna ya fice kyauta, a bar ka da tsaki.

Gurbin da ya saura a toshe shi da 'yan aro,
Biyar doka ta yarda ranar wasa, na shida ba ya ciki.

In mai saye ya zo, a sa sharaɗin kaso na gaba,
Ran da aka sake sai da shi, kai ma ka yi biki.

Kayden Jackson ya wuce Ipswich a 2018,
2022 Charles sai Bolton, Bishop sai Portsmouth, kuɗi na banki.

'Yar Kallo:
Ƙanena, ka faɗi riba ka ɓoye asara,
Hanyar nan da kake yabo akwai haɗari.

Ka sai da mai ci maka ƙwallo a Janairu,
Ina za ka samo magajinsa da sauri?

Ɗan aro ba naka ba ne, da ya soma haskawa,
Mai shi ya kira abinsa, ya rushe maka tsari.

Wasa 46, ga na kofuna a kai,
Asabar da Talata, rauni ya shigo, benci ba ƙari.

Hunturu ruwa ya kwanta a fili, a ɗage wasa,
Kuɗin ƙofa ya tsaya, albashi ba ya jinkiri.

2009 bashin haraji ya kai su gaban kotu,
Fam 308,000, sai da ɗan kasuwa Ilyas Khan ya sa jari.

Maki 50 ake lissafin tsira, 2023 Stanley ta tsaya a 44,
League One, rukuni na uku, ta kuɓuce, an sai da maciyan tun da wuri.

Ɗan Tsakiya:
Hajiya, zancenki dutse, ba mai ja,
Sai dai a auna mutum da inda ya faro tafiya.

Janairun 2012 Coleman ya koma Rochdale,
Shekara guda aka sallame shi, ya kama hanya.

Southport, Sligo Rovers, sai Satumbar 2014,
Ya dawo gida, irin nan a gonarsa yake 'ya'ya.

2016 ranar ƙarshe, nasara kawai ake nema,
Canjaras da Stevenage, ba ci, sa'a ta juya.

Wasan cike gurbi, AFC Wimbledon ta fid da su,
Da wani kocin ne, da nan zai karaya.

17 ga Afrilun 2018 Billy Kee ya zura biyu,
Yeovil ta koma gida ba ta da ko ɗaya.

Maki 93, kofin League Two, rukuni na huɗu, a hannu,
Kee na da ƙwallo 25, sauran maciya na baya.

Kaka biyar a League One, har na 11 a 2021,
Ana gwabzawa da Sunderland da Ipswich, manya.

Mai Tsaron Raga:
Baba, ka tsallake Andy Holt, da ya sayi kulob a 2015,
Shi ya share bashi, fili ya sha gyarawa.

Maris ɗin 2024 Wrexham ta zuba musu huɗu,
Washegari Coleman da Bell sai sallamawa.

Sama da shekara ashirin, sanarwa 'yar guntuwa,
Nan magoya baya suka hau kokawa.

John Doolan, mai taya su horaswa, ya gaji kujera,
A League Two ya karɓe ta, can ya ci gaba da fafatawa.