Neman kalma kafin Alhamis: motoci da yawa a asurans ɗaya, har da tsofaffi na ajiya

Ƴar Rediyo: Assalamu alaikum malamai da iyayena. Alhamis da dare muke da shiri kan asurans na motoci, kuma gobe da la'asar zan miƙa rubutun Hausa. Takardar da aka ba ni da Faransanci take, wuri uku suka tsaya mini: "contrat flotte", da "véhicule de collection", da "valeur agréée". Masu saurarenmu daga Mirriya har Tanut suke, a jihar Damagaram ta Nijar, ina son kalmar da direba zai ji sau ɗaya ya gane.

Ɗan Asurans: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin a raɗa suna, a fara ganin jaririn. Abin da ake nufi da na farkon: yarjejeniya ɗaya, mai biya ɗaya, ranar ƙarewa ɗaya, amma a bayanta akwai jadawali, kowace mota da layinta. Lambarta, lambar shasi, ƙarfin injin da ke rubuce a kart giris, wato takardar rajistar mota, esans take sha ko gazuwal, yawan kujeru, da aikin da take yi. Kuɗin kowace daban ake lissafa shi sannan a tara. Ragin da ake samu don yawan motoci ya danganta da kamfani, haka ma adadin da za a fara daga kansa. Kuma kowace mota tana da takardar shaidarta da take yawo da ita. Duk kalmar da za ta sa mutum ya ɗauka takarda guda ce zai riƙa ɗauka daga wannan mota zuwa waccan, ta ɓata mana aiki. Sannan ki kiyayi kalmar "police" da ke cikin takardar, yarjejeniya ake nufi, kar mai sauraro ya zaci ƴan sanda.

Mai Gareji Sabon Gari: Asurans na garke. Garken motoci. Kowa zai gane.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya: Za a gane, kuma za a yi dariya. Ba za ka ce wa Alhaji motocinsa garke ba ne a rediyo. Ni "ayari" nake gani. Ayari yana da madugu ɗaya, amma kowane raƙumi da kayansa da lissafinsa, ana shiga ana fita. Asurans na ayarin motoci.

Malam na Birni: Kun tsallake babbar matsala kun kama ƙarama. Me ya sa "asurans" tun farko? Hausa ba ta rasa kalma ba. Laima. Mutum ya shiga laimar wani, ya samu kariya. Motoci biyar ƙarƙashin laima guda: laimar motoci. An gama, ba a buƙatar ayari ba a buƙatar garke.

Ɗan Asurans: Allah ya gafarta Malam, kalmar tana da daɗi, amma akwai kamfani a ƙasar nan mai suna Leyma. Idan ta ce "ku shiga laima" a iska, sauran kamfanoni za su ce talla ta yi kyauta. Na biyu, laima tana rufe kowa daidai, nan kuwa ba haka ba ne. A cikin yarjejeniya guda, wata motar ba ta da komai sai na dole, wato biyan ɓarnar da ta yi wa wani, wanda sashe na 200 na dokar CIMA, dokar asurans da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi tare, ya wajabta. Wata an ƙara mata gobara da sata da fashewar gilashi. Wata kuma an ɗauki har ɓarnar jikinta.

Bakano a Jami'a: Ban ga abin wahala ba. Inshora ake cewa, haka BBC da jaridun Kano suke rubutawa. Inshorar motoci da yawa. Shi ke nan.

Mai Gareji Sabon Gari: Malam Bakano, je ka tashar Agadas ka tambayi direba inshorarsa ka ga kallon da zai yi maka. Jandarma a shinge asurans yake tambaya.

Malam na Birni: Ga shi nan. Ɗaya ya aro daga Ingilishi, ɗaya daga Faransanci, kowa yana alfahari da uban gidansa. A shekarar 2025 aka rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Da kalmomin aro za mu riƙe wannan matsayi? Kuma ba Kano kaɗai ke da Hausa ba. Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926.

Bakano a Jami'a: Ba wanda ya taɓa darajar Damagaram, ranka ya daɗe. Amma laimar taku ma daga Larabci ta zo, asalinta tanti. Ita kanta "mota" fa?

Malam na Birni: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba ɗaya suke da na jiya ba.

Bakano a Jami'a: To a ba asurans shekara ɗari, ita ma ta zama ƴar gida.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya: Yarinya tana da aiki gobe, ku kuna rabon gado. Ƴata, ki ce asurans, sau ɗaya a farkon shiri ki ƙara da "wanda a Najeriya ake kira inshora", don masu jin ku ta wajen Magariya da Matamaye. A koma kan ayari.

Ɗan Asurans: Ayari ya yi mini, don yana ɗaukar shiga da fita, kuma nan mutane suka fi faɗawa rami. Mutum ya sayi sabuwar mota a tsakiyar shekara, ya ɗauka tunda yana da yarjejeniya ta shiga da kanta. Ba ta shiga ba. Sai ya kai kart giris, an rubuta takardar ƙari, an lissafa kuɗin watannin da suka rage, ya biya, an ba shi takardar shaidarta. Sashe na 13 na dokar CIMA, tun gyaran 2011, ya ce ba biya ba kariya, in ban da wasu keɓantattun wurare da ba su shafi mai mota uku ko huɗu ba. Haka in ya sayar da ɗaya: ya sanar, a cire ta daga jadawali, a daidaita lissafi. Ki sa wannan a shirin ko da kin rage wani abu.

Ƴar Rediyo: Na rubuta, Yaya. "Avenant" ke nan takardar ƙari? Kuma "prime" in ce zubi?

Ɗan Asurans: Takardar ƙari ta yi, ko da cirewa aka yi, ƙari ce a kan yarjejeniya. Zubi kuwa a'a. Wanda ya ji zubi zai jira ranar kwasa kamar adashi, shekara ta ƙare bai yi hatsari ba ya zo neman kuɗinsa. Ki ce kuɗin asurans.

Malam na Birni: Kuɗin laima.

Mai Gareji Sabon Gari: A zo kan tsofaffin, "véhicule de collection", nan ne nawa. Kar a ce "tsohuwar mota" kawai, don rabin motocin da ke hanyar Mirriya sun cancanci sunan. A Faransa sharaɗin shi ne mota ta haura shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata muhimman sassa ba. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, a da an daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Mercedes W123 daga 1976. Land Cruiser ta jerin 40 daga 1960. Na farko-farkonsu duk sun haura shekarun. Amma 404 mai buɗaɗɗen baya da ke ɗaukar buhunan gero, an sa mata injin wata mota, an ƙara mata ganyen sifirin, an yi wa shasi walda wuri uku, wannan akwala ce mai neman abinci, Allah ya ba ta lada. Wadda ake nufi ita ce mai injinta na asali, lambar inji da ta shasi sun yi daidai da takarda, kujeru da dashbod da fitilu nata ne, tana kwana a rufe, ba ta fita sai jefi-jefi.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya: Motar tarihi.

Bakano a Jami'a: Tarihi yana nufin wani abu ya faru da ita, kamar motar da sarki ko shugaba ya hau. Wannan kuwa tsufa ne da kulawa. Motar ajiya.

Mai Gareji Sabon Gari: Ajiya kuma sai a zaci wadda aka ɗora kan duwatsu aka cire batir. Ita wannan tana tashi da bugu ɗaya.

Malam na Birni: Motar gado. Abin da aka riƙe da daraja a miƙa wa na baya. Ko tsohuwar zuma, in ana son armashi.

Ɗan Asurans: Malam, "gado" a maganar takardu hatsari ne. Motar gado ita ce wadda mai ita ya rasu, kart giris na ɗauke da sunansa, magada ba su sauya ba. Wannan matsala ce daban, kuma tana da yawa. In aka haɗa su a suna ɗaya, ranar Juma'a za a cika ofis da tambaya.

Malam na Birni: Duk abin da na kawo sai an samo masa ofis.

Ɗan Asurans: A yi haƙuri, Malam. Ƙanwata, sunan motar bai kai na ukun, "valeur agréée", muhimmanci ba, don shi ne dalilin da ya sa ake ware ta a jadawali. A al'ada, in mota ta ƙone ko aka sace ta, kuɗinta na kasuwa a ranar da abin ya faru ake biya, bayan an cire ragin tsufa. Motar 1978 in aka bi wannan lissafi, kuɗin ƙarfe za a ba mai ita. Shi ya sa ake kiran gwanin kimanta mota tun kafin a sa hannu. Ya duba lambobi, ya leƙa ƙarƙashi don tsatsa da walda, ya ɗauki hoto ta fuska huɗu da ciki da inji, ya karɓi rasiɗan gyara, ya rubuta rahoto da adadi. Kamfani ya amince, a rubuta adadin a layin motar. Ranar asara ba a sake ciniki. Rahoton yana da wa'adi, a duba abin da yarjejeniya ta ce a sabunta kafin ya wuce.

Bambancinsa da adadin da mai mota ya faɗa da bakinsa babba ne. A ce mota ta kai miliyan 6 na sefa, ya ce miliyan 3 don kuɗin asurans ya ragu. Ta yi ɓarnar miliyan 1. Rabi ya bayyana, rabi za a biya shi, 500,000, kuma daga ciki a cire kason da yarjejeniya ta ɗora masa. In kuma ya kumbura adadin, ba za a biya shi fiye da asararsa ba, ya yi ta biyan kuɗin banza.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya: To ai wannan sallamawa ce irin ta kasuwa, an taya an sallama. Farashin da aka sallama.

Bakano a Jami'a: Ba saye ba ne, Hajiya, ba a sayar da komai ba. Ƙima ce. Ƙimar da aka amince.

Malam na Birni: Ƙimar yarda. Gajere, kuma a kishiyanta shi da ƙimar kasuwa.

Ɗan Asurans: Wannan kam ya zauna, Malam. Ƙimar yarda da ƙimar kasuwa.

Malam na Birni: Ashe ana iya karɓa daga Birni.

Mai Gareji Sabon Gari: Ƙari biyu daga gareji. Duk wanda ya sauya wa irin wannan mota inji, ko ya mayar da ita daga esans zuwa gazuwal, ya sanar kafin ta hau titi. Ƙarfin inji yana cikin lissafi, kuma gwanin da zai zo bayan hatsari bonet yake fara buɗewa. Sannan gilashin gaba da fitilun 404 ko W123 ba a samun su yadda ake samun na Hilux, sai an yi odar su ko an bi masu kayan tsofaffin motoci. A tambaya tun farko ko kuɗin kawowa yana ciki.

Ɗan Asurans: Haka ne. Ɓoyewa da gangan tana rushe yarjejeniya, mantuwa kuma tana rage abin da za a biya. Aikin mota ma haka. An rubuta ta ta yawon kai, sai aka ba da ita haya don kai amarya, ko ta ɗauki fasinja da kuɗi zuwa Tanut, ta fita daga abin da aka yarda. Wa'adin sanar da hatsari ba ya gaza kwana 5 na aiki, sata kuwa awa 48. Mai zuwa Kano ta Matamaye ya tambayi kamfaninsa takardar ƙetare iyaka, mota-mota ake yin ta, ba ayari ɗungurungum ba.

Ƴar Rediyo: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan karanta: "Asurans na ayarin motoci yarjejeniya ce guda da ta haɗa motocin mutum, amma kowace da takardar shaidarta da irin kariyarta. Tsohuwar mota mai daraja, wadda aka adana da kayanta na asali, a sa a rubuta mata ƙimar yarda." Na bar "motar tarihi" da "motar ajiya" duka, na yi bayani a madadinsu. In na faɗi kuɗi zan faɗa da jikka kuma, don masu lissafin dala.

Hajiya Tsohuwar Ma'aikaciya: "Tsohuwar mota mai daraja" bayani ne, ba suna ba. Sau goma a shiri ɗaya numfashi zai ƙare miki. Amma na gobe ya wuce.

Malam na Birni: Ayari na ji, ba don ya fi ba. A ajina laimar motoci zan koyar, a ga wadda za ta daɗe.

Bakano a Jami'a: A Kano in aka ji ayarin motoci, jerin gwanon gwamna za a fara tunawa. Na dai faɗa.

Ɗan Asurans: Gyara ɗaya, ƙanwata. Inda kika ce "a sa a rubuta mata", ki mayar da shi "a nemi kamfani ya rubuta mata". Ba kowane kamfani ne ke karɓar ƙimar yarda a kan motar da ta kai waɗannan shekaru ba, wani na dole kawai zai yarda ya ba ta. Mai motar ya tambaya kafin ya biya kuɗin gwanin kimantawa.