Shawarwari Kan Kuɗin Asibiti Idan Lalurar Gaggawa Ta Faɗo

A wata tattaunawa da mazauna Unguwar Rogo a Jos suka yi kan tsadar jinyar gaggawa, abin da aka fi jaddadawa shi ne mai jinya ya san haƙƙinsa kafin rana ta ɓaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar majinyacin da ke cikin halin gaggawa, wata doka ta daban ta 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba. Sai dai dokar ba ta yafe kuɗin ba, illa iyaka ta ce a ceto rai tukuna, kuma a ganina nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta.

An shawarci dangi su ware mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙe harkar biya, ya adana kowane rasit, ya kuma nemi lissafi dalla-dalla na gado, allurai, ƙarin ruwa da gwaje-gwaje, domin cikin ruɗani ana iya biyan abu guda sau biyu. Kada a miƙa kuɗi hannu da hannu a baranda, sai wajen kashiya. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi sashen jin daɗin majinyata, ya roƙi rangwame ko biya kaɗan-kaɗan.

Dattawa sun ƙara da cewa a yi rajistar inshorar lafiya da PLASCHEMA (hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato) ko NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) tun ana ƙalau, a kuma tambayi abin da katin ya ƙunsa, don ba kowace tiyata yake ɗauka ba.