Neman Kalma: Famfon Zafi Ko Injin Jigilar Zafi?

1/ 'Yan'uwa, a taimaka mini. Ina rubutu kan ɗumama gida a wuraren da sanyinsu ba ya tsananta, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya: heat pump da furnace. Wanda zai zaɓi ɗaya cikinsu yana bukatar sunan da zai nuna masa bambancin tun kafin a yi masa dogon bayani.

2/ Ta biyun ba ta ba ni wahala ba. Akwati ne da ke ƙona iskar gas ko mai, fanka ta hura iskar da ta yi zafi ta cikin manyan bututai zuwa ɗakuna. Wani ya ce tanderu, amma tanderu na gashi ne. Na tsaya a kan murhun ɗumama gida, tunda wuta ake hurawa a ciki da gaske.

3/ Ta farkon ce rigimar. Da yawa kun ce famfon zafi. To Malam, in ka ce wa Bahaushe famfo, ruwa zai gani yana zuba. Zai ɗauka ana maganar famfon ruwan zafi na banɗaki, kuma ba laifinsa ba ne.

4/ Mu duba aikin abin tukuna. Wannan injin ba ya ƙirƙirar zafi, ɗaukarsa yake daga wani wuri ya kai wani. Ɗora hannu a bayan firiji, ɗumin da ka ji daga cikin firijin aka kwaso shi. Haka esi yake yi, ya kwashe zafin ɗaki ya watsar a waje. Abin da aka ƙara wa namu injin shi ne wani bawul da ke juya hanyar gas ɗin sanyaya da ke zagaye a ciki. Lokacin zafi ya fitar da zafi waje, lokacin sanyi ya jawo shi daga iskar waje ya shigo da shi. Ko iskar da ke sa ka rawar ɗari tana da sauran zafi a cikinta. Dabarar ma tsohuwa ce: masanin kimiyya Lord Kelvin ya bayyana ta a 1852, kuma cikin shekarun 1850 ɗin injiniya Peter von Rittinger ya gwada ta wajen sarrafa gishiri a Ostiriya.

5/ Wata 'yar'uwa ta kawo injin dakon zafi. Wallahi ya burge ni, Hajiya. Sai dai ɗan dako kai kaya yake ya sauke, shi ke nan. Jigila kuwa kai da kawowa ce, kuma ita ce ainihin abin da ya raba injin nan da esi.

6/ Sunan kuma yana warware batun zaɓi. Murhu komai kyansa ba zai ba ka zafin da ya wuce wanda ke cikin gas ɗin da ya ƙona ba, mafi inganci suna kaiwa kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari. Injin jigilar zafi kuwa, in sanyin waje sassauƙa ne, yakan shigo da zafi ninki uku ko huɗu na lantarkin da ya ci, domin kuɗin mota kawai kake biya, kayan kyauta ne. A inda zafi ya fi yawa dole ka sayi esi ko ta yaya. Me zai sa ka ƙara murhun da zai yi 'yan makonni yana aiki, ga bututun hayaƙi, ga tsoron iskar guba marar wari in ya lalace?

7/ Injin jigilar ma yana da nasa rauni. In sanyi ya yi ƙasa da sifili sosai, ƙarfinsa yana raguwa, ƙanƙara na taruwa a sashen waje har sai ya tsaya ya narkar da ita. Iskar da yake hurawa ma ɗumi-ɗumi ce, ba ta kai ta murhu zafi ba. Inda gas ke da arha kuma lantarki da tsada, sai an zauna an yi lissafi.

8/ Na rubuta injin jigilar zafi, a taƙaice mai jigila. Malam mai famfo, na san ba ka gamsu ba, kawo hujjarka kafin in tura rubutun gobe.